Tambayi Likita: Mura da Tari a Gidajen Renon Yara Lokacin Annoba

Likita, ina riƙe da gidan renon yara a Samaru. Da hunturu nakan rufe tagogi saboda sanyi da ƙura, kullum kuma ina feshin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Hakan ya wadatar? (Wata malama, Samaru)

Malama, sannu da ƙoƙari, amma rufe tagogin nan ya fi feshin tasiri, kuma ba ta alheri ba. Mura da korona da ƙyanda duk ta numfashi suka fi yaɗuwa. Yaro ɗaya ya yi atishawa a ɗakin da iska ba ta ratsawa, ƙwayoyin cutar sai su yi ta shawagi, sauran su shaƙa. Feshin da kika yi da safe bai san da wannan ba. Ki buɗe taga biyu masu fuskantar juna ko da kaɗan ne, ki sa iyaye su zo wa yaran da rigar sanyi da hula da safa. Idan hantsi ya yi, a shimfiɗa tabarma a inuwa su yi wasa a tsakar gida. Wajen barcin rana a ba da tazara, kan wannan ya kalli ƙafar wancan. Kaskon gawayi kuwa kada ya shiga ɗakin ko kusa: hayaƙinsa na tayar da tari, a rufaffen ɗaki har kisa yake yi.

Abin da ke buƙatar sinadari shi ne abin da hannu da baki ke taɓawa, wato kayan wasa da mariƙin ƙofa da fo. A fara wankewa da sabulu, sannan a goge da ruwan bilic. Idan an rubuta 3.5% a jikin robar, ma'auni ɗaya za ki zuba cikin ma'auni 34 na ruwa. Kayan wasan a ɗauraye su da ruwa bayan haka. Kuma don Allah a daina share majinar yara goma da hankici ɗaya.

Ɗana mai shekara biyu yana mura da ɗan zazzaɓi, ni kuma ma'aikaciya ce. Zan iya ba shi farasitamol in kai shi reno? (Wata uwa, Sabon Gari)

Hajiya, na san neman izini a wurin aiki ba sauƙi, amma kada ki kai shi. Farasitamol zazzaɓin yake saukarwa, cutar tana nan, zai raba wa 'yan'uwansa. Ya zauna gida sai ya yi kwana ɗaya cur babu zazzaɓi ba tare da magani ba, ya koma cin abinci da wasa. In ana cikin annoba, a bi kwanakin killacewa da hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta tsayar. Ki riƙa ba shi ruwa da kunu akai-akai. Kada a ruga kemis sayo antibayotik, ba ya aiki a kan mura.

Ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5 ya yi yawa. Ga ɗan wata 2 zuwa 11 kuwa, sau 50. Haka idan ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi shan komai, ko ya yi jijjiga. Wannan alamar namoniya ce ko abin da ya fi ta, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

'Yata tana da wata goma sha takwas. In sa mata takunkumi? (Wani uba, Gyallesu)

A'a, Malam. Ɗan ƙasa da shekara biyu takunkumi na iya toshe masa numfashi, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta wajabta shi ga 'yan shekara biyar zuwa ƙasa ba. Masu renon ne za su sa.

Muna da ajin ƙanana a Islamiyyarmu, randa ɗaya da moɗa ɗaya suke sha. Akwai matsala? (Wani malami, Tudun Wada)

Allah gafarta Malam, akwai. Kowane yaro ya zo da kofinsa ko gorarsa. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, babba ya tsaya yana zuba musu, su cuɗa hannu kamar daƙiƙa 20. Roba ɗaya da kowa ke tsoma hannu ba wanki ba ne.

Sai wata alfarma, tunda iyaye na jin maganarku fiye da tamu. Ku nemi ganin katin rigakafi lokacin ɗaukar yaro. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 ya fi cin yaran da ba a yi wa allura ba, alhali allurar penta ta mako 6 da 10 da 14 tana kare shi, ta kuma kare tarin shiƙa. Ta ƙyanda ana yi a wata 9 da wata 15. Kyauta ake yi a asibitin shan magani na unguwa, wanda ya tsallake ma a kai shi da katinsa, ma'aikatan za su duba inda ya tsaya.