Doki 60 ko doki 40? Amsar tambayoyinku kan yawon wuni a babban kogi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi jirgin alminiyam na hannu mai tsawon mita 5, ina so in riƙa fita da iyali yawon wuni a babban kogi. Mai sayarwa yana da inji biyu duk na hannu, tu-sturok (wanda ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai) mai ƙarfin doki 60 da fo-sturok (wanda baƙin mansa yake daban kamar na mota) mai ƙarfin doki 40, kuɗinsu kusan ɗaya. Abokaina sun ce in ɗauki babban. Wanne zan saya, kuma mai nawa zan riƙa ɗauka?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokan nan naka fa ba su za su riƙa sayen man ba, kuma ba su za su tsaya tsakiyar ruwa da yara suna kuka in inji ya mutu ba. Kafin ma kayi zancen doki, ka leƙa bayan jirgin ko kusa da wurin zaman matuƙi, yawanci akwai ɗan farantin ƙarfe da kamfani ya manna wanda ya rubuta iyakar ƙarfin injin da jirgin zai ɗauka da yawan mutane da nauyin kaya, in ya ce 50 ne iyaka toh maganar 60 ta mutu tun nan, domin inji in ya fi ƙarfin jirgi bayan ne yake nutsewa gaba ya ɗaga sama, a kwana kuma sai ka ji yana neman kifewa da kai.

In farantin ya yarda da duka biyun, ni dai 40 zan ɗauka. Lissafin da masu jirage suke yi shi ne duk doki 10 yana shan kusan lita 4 a awa in ka murɗa wuta har ƙarshe, kaga 60 zai sha wajen lita 23, shi kuwa 40 wajen lita 15, kuma tsohon tu-sturok mai kafireta ya fi haka ci, ga hayaƙi ga ƙara, wanda ke gefenka ma sai ka yi masa ihu zai ji ka. In irin wanda ake haɗa wa mai da hannu ne, yawanci kashi 50 na fetur kashi 1 na baƙin mai, wato jarka mai lita 25 rabin lita za ka zuba mata, ranar da ka manta kuwa injin ya buga kenan. Gaskiya tu-sturok ya fi sauƙin nauyi da sauƙin gyara, bazan ƙwace masa wannan ba, amma kai yawo za ka je ba tsere ba.

Sai dai kar kayi cinikin biri a sama. A tayar maka da injin a cikin ruwa ko cikin duro, kuma tun yana sanyi, ba wanda aka riga aka ɗumama kafin ka iso ba. Ka kalli ɗan siririn ruwan nan da yake tsartuwa ta gefe kamar fitsari, in yana fita da ƙarfi famfon sanyaya inji lafiya yake, in yana ɗiga ɗis ɗis robar ciki ta cinye. In kuma kaga mai sayarwa ya tayar da shi a tudu babu ruwa, ka san robar nan ta sha wahala, ɗan lokaci kaɗan take ƙonewa. A kwance ƙusar man giya ta ƙasa kusa da farfela, in man ya fito fari kamar madara ruwa na shiga. Bakanike ya auna ƙarfin matsin kowace silinda, kar bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Ka auna tsayin bayan jirginka ma, ƙafar inji akwai gajera mai inci 15 akwai doguwa mai inci 20, mutane da yawa sai sun kai gida suke gane sun sayo wadda ba tasu ba. Sannan kayan gyara: Yamaha, Suzuki, Mercury, Tohatsu da Honda duk suna nan suna ƙerawa, amma Evinrude an daina yinsa tun 2020, in shi ne ka yi tunani sosai.

Maganar mai kuwa ita ce wadda na fi so ka riƙe. Ka raba shi uku, kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Kuma ka fara da haurawa sama, ka dawo da gangara. A ce jirginka na yin kilomita 20 a awa, ruwa na gudun 5, in ka bi ruwa kana yin 25 in ka juyo kana yin 15, tafiyar kilomita 30 da ka yi cikin awa 1 da minti 12 sai ta ci maka awa 2 cur a dawowa. Ni na taɓa yin wannan wautar, muka gangara muna ta hira ana ɗaukar hoto, da muka juyo leda ta toshe ramin da inji ke shan ruwa, ya yi zafi na kashe shi, ina durƙushe a baya ina zare ledar da yatsa ina kallon wata bishiya da muka wuce ɗazu tana sake wuce mu. Babu anga, ƙarfen nan da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, a jirgin ran nan. Don haka canjin da ya rage maka ka sayi anga da igiya mai tsawon zurfin ruwan sau 5 zuwa 7, a gaban jirgi ake ɗaure ta ba a baya ba, da filafili biyu, da farfela ta ajiya da sifanar kwance ta, da fulogi, da bokitin kwalfe ruwa.

Tambaya: Mijina ya ce tunda yaranmu sun iya iyo ba sai mun sayi rigar kariya ba, ni kuma hankalina bai kwanta ba. In zan saya wacce iri?

Hajiya ki saya, ko da kuɗinki ne. Iyo a kwamin wanka daban, faɗawa kogi da kaya a jiki bayan kai ya bugu da gefen jirgi daban. Alƙaluman da hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ke fitarwa duk shekara suna nuna sama da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka nutse a hatsarin jiragen shaƙatawa babu rigar a jikinsu. Ki duba lambar da ke jikin rigar, ita ce ke nuna ƙarfin da rigar take ɗaga mutum a ruwa: mai 50N taimakon iyo ce kawai, ba ta juya wanda ya suma, 100N ta ruwa mai natsuwa ce kusa da gaɓa, 150N ita aka yi don ta juyo da fuskar mutum sama. Na yara da nauyin yaro ake saya ba da shekaru ba, kar ki ce bari in ɗauko babba ya girma a ciki. Ki sa masa, ki ɗaure maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga, in ta haye har ta rufe masa kunne ta yi yawa.

Ki kuma tabbata maigida yana ɗaura jar igiyar nan mai lanƙwasa a ƙafarsa, wadda ke kashe inji in matuƙi ya faɗa ruwa, in ba haka ba jirgin zai yi ta kewaya da farfela a kan waɗanda ke cikin ruwan. A Amurka tun Afrilun 2021 doka ce ga jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba in suna gudu.

Tambaya: In na haɗu da manyan jiragen dakon kaya, wa zai kauce wa wani?

Kai. Dokar hana karon jirage ta 1972 ta ce a matsattsiyar hanya jirgin da bai kai mita 20 ba kar ya tare wa wanda dole sai ta zurfi zai bi, kuma irin jerin kwale-kwalen kayan da ake turawa a kogin Misisipi na Amurka kan ci fiye da kilomita ɗaya kafin su tsaya, matuƙin ma baya ganin abin da ke dab da gabansa. Ka riƙe hannunka na dama, a kwana ka tuna zurfi yana ta waje yashi yana ta ciki, babban jirgin ta wajen zai bi. In ka ji hon gajere sau biyar a jere, da kai yake. Ka matsa, ka rage wuta, ka tari igiyar ruwan da ya tayar da gaban jirginka a ɗan karkace, kowa kuma ya zauna.