Amsar Gwaggo kan rigar Indiya a biki

'Yata, saƙonki ya iso. Kin tambaya ko doguwar rigar Indiyan nan da amare ke sawa don hoto tana cikin al'adar bikinmu, kuma ko za ki iya shiga kamu da ita, tunda telarki ta ce kowa na yi.

Ba al'ada ba ce, aro ne, sai dai aron ya daɗe a gari. Rigar da kuke ce wa anarkali, mai kama jiki daga sama ta baje zuwa ƙasa, ta yi suna ne a jikin Madhubala, lokacin da ta fito a baiwar fada cikin fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960. Musulma ce, sunanta na yanka Mumtaz, ta rasu a 1969 tana da shekara 36 kacal, Allah Ya jiƙanta. Har yau telolin Kano na yanka yadi a kan fasalin shigarta, da yawansu ko sunanta ba su sani ba.

Mu ba a silima muka san ta ba. A lokacinmu budurwar cikin birni ba ta taka Palas ko Filaza, wannan harkar su kawunki ce. Hotuna ne suka biyo mu har ɗaka, na kalanda da na bangon shagon tela. Sai da aka buɗe gidan talabijin na CTV a Kano zamanin Gwamna Rimi da yawanmu muka ga matan Indiya suna motsi. Abin da ya ja mu, a ganina, kunyar da ke cikin hoton ce: gyale a ka, kwalli ya zauna a ido, awarwaro cike da hannu. Inna za ta gani ba ta ce a sauke shi daga bango ba. Hotunan matan Turawa ba su samu wannan karɓuwa ba.

Amma kamu daban ne. Rana ce ta dangin ango, su zo su fanshe ki a hannun ƙawayenki, su fesa miki turare. A lulluɓe suke son samunki, da zane da mayafi, lalle ya kama sosai. Kada ki sa tsofaffin gidansu su fara da gulmar kayanki.

Ki ɗinka anarkalin, ki sa ranar ƙawaye, ki sha hoto son ranki. Yadin kuma ki je Kantin Kwari da kanki, ki ɗaga shi a haske, kada a haɗa ki da shara-shara. Ki gaida mamanki.