Amsa ga yarona kan NFS da katangar tsaro

Ɗana, ka ce tun da aka kafa katangar tsaro a wurin aikinku kwamfutoci suka daina ganin fayilolin saba, alhali ka buɗe ƙofa ta 2049, kana tambaya ko ka buɗe duk ƙofofin ka huta. Kada ka kuskura.

Da jin bayaninka, NFS (tsarin da kwamfutoci ke ganin fayilolin saba ta hanyar sadarwa) siga ta 3 ce a hannunku. Kamfanin Sun ya ƙirƙiro NFS a 1984, lokacin kwamfutoci tamkar 'yan gida ɗaya suke, ba maigadi a tsakaninsu. Kwamfuta takan fara ƙwanƙwasa ƙofa ta 111, ta tambayi rpcbind, mai riƙe da jerin ƙofofi, inda mountd, mai ba da izinin shiga fayiloli, ya zauna yau. Shi mountd, da statd da lockd masu kula da kulle fayil, ba su da mazauni tsayayye, katanga kuwa lambar da ka rubuta mata kaɗai ta sani. Buga rpcinfo -p, ka sake kunna saba, ka sake bugawa, za ka ga lambobin sun sauya. In dole sai siga ta 3, kafe wa kowannensu lamba a /etc/nfs.conf, su kaɗai za ka buɗe.

Ni dai shawarata ka koma 4.1. Siga ta 4 ta tattara komai a ƙofa ta 2049 kan TCP, amma da sauran rina a kaba. A 4.0, in saba ta danƙa wa kwamfuta amanar fayil, sai ita sabar ta buɗe sabon layi ta kira ta. Kwamfutar kuma a cikin saƙo take rubuta adireshinta, irin su 192.168.1.20. NAT, mai sauya adireshin cikin gida zuwa na waje, bangon ambulan kawai yake sauyawa, ba ya taɓa wasiƙar, sai saba ta yi ta kiran gidan da ba hanyar isa gare shi. Wannan ne 4.1 ta gyara a 2010: kiran saba yana bin layin da kwamfutar ta buɗe da kanta, katanga ba ta da abin tarewa.

Sai IPv6, sabon tsarin adireshin intanet. Adireshi ya tashi daga bit 32 zuwa 128, tsohon RPC, hanyar kira da NFS ke bi, ba shi da wurin zuba shi, shi ya sa Linux ya koma libtirpc da ke iya ɗaukarsa. Dokar katanga da ka rubuta da iptables ba ta shafi IPv6 ba, tasa ip6tables ce, daban take. Na taɓa kwana a ɗakin saba saboda wannan mantuwar, har aka kira asuba. Ka kuma sa sababbin adireshin a /etc/exports, inda saba ke jera waɗanda za su ga fayiloli, sannan ka turo min abin da rpcinfo ya nuna maka.