Tsohuwar motata ta yi haɗari: in gyara ta ko in sayar wa masu yanka?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ina da mota da ta shekara 18 da ƙerawa, shekara tara ke nan tana hannuna. Kwanan baya wani ya shigo hannuna ya buge ni ta gaba, kuma ya amsa laifinsa a gaban shaidu. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji mummunan ciwo, amma gaban motar ya lotse, lagireto ya fashe, jakunkunan iska guda biyu sun fito. Bakanike ya ce shasin, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da jikin motar, shi ma ya karkace, kuma gyara na gaskiya zai ci kusan kuɗin motar gaba ɗaya. Raina ba ya son rabuwa da ita, ina kuma tsoron kada sayar da ita ga masu yanka, wato masu sayen lalatacciyar mota su wargaza ta su sayar da kayanta, ya zama almubazzaranci, tunda injinta lafiya ƙalau yake. Wani abokina ya ce in kai a buga, a cike, a fesa fenti, in sayar in huta. Mene ne hukunci? Kuma me ya halatta in karɓa daga wanda ya buge ni, ganin cewa inshorarsa ce za ta biya?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar maka da alheri.

Ɗan'uwa, hanyoyi uku ka kawo. Gyara da sayar wa masu yanka duka halal ne a asalinsu, dukiyarka ce, shari'a ba ta ɗora maka ɗaya daga cikinsu ba. Ta ukun, wadda abokinka ya nuna maka, haramun ce idan aka yi ta yadda ya tsara.

Bari mu fara cire maka tsoron almubazzaranci. Gaskiya ne ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Mugira ɗan Shu'uba, cewa Allah ya ƙi mana abu uku, kuma tozarta dukiya na cikinsu. To amma tozartawa ita ce a zubar da dukiya inda ba ta amfanar kowa. Wanda ya sayar da motar da ta lalace ya karɓi kuɗinta, injin ya shiga wata motar, ƙofofi da fitilu da tayoyi kowanne ya sami mai buƙata, sauran ƙarfen a narka shi a ƙera wani abu. Ina tozartawa a nan? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wata tunkiya da ta mutu, ya ce me ya hana a ɗauki fatarta a jeme a amfana da ita. Namanta ya haramta, amma bai yarda a yar da fatar ba. Wanda nake jiye wa faɗawa cikin hanin shi ne mutumin da ya kasa yanke shawara, ya jingine mota shekara da shekaru, rana na dukanta, ruwa na dukanta, tsatsa ta cinye abin da haɗari ya bari, kullum yana cewa sai ya samu sarari zai tayar da ita.

Gyaran ma yana iya zama asara, shi ya sa ake lissafi. A ƙaddara darajar motar kafin haɗari 100 ce, gyara zai ci 90, masu yanka kuma sun taya ta 25 a yadda take. Idan ka gyara, ka kashe 90, ka kuma haƙura da 25 da za ka karɓa, wato 115 ke nan, a kan motar da kasuwa ba za ta sake ba ta 100 ba, domin kowa yana rage wa motar da ta taɓa yin haɗari kuɗi. Sannan gyaran gaba ba ya mayar da giyabos da sauran gaɓoɓin da suka shekara 18 sababbi. Duk da haka ba zan ce maka haramun ba ne. Kuɗin kasuwa ba shi kaɗai ne ma'auni ba: motar da ka san halinta shekara tara ta fi wata tsohuwar da ba ka san abin da ke cikinta ba, kuma mai yiwuwa abin da za ka samu ba zai sayo maka wata ba. Ƙaunar da kake mata ma ba laifi ba ce. Sharaɗin shi ne kada gyaran ya kai ka ga bashin ruwa, kada kuma ya ci abincin iyali, domin hadisin Abu Dawud ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta waɗanda yake ciyarwa.

Inda hukuncin ya rataya da gaske shi ne maganar shasi da jakunkunan iska, kuma a nan lafiyar injin tana ruɗar mutane. Inji tafiya yake sa mota, ba shi yake tsare ran wanda ke ciki ba. Masu ƙera motoci da gangan suke yin gabanta yadda zai lotse idan an yi karo, ya shanye ƙarfin bugun kafin ya iso wurin mutane. Motarka ta yi wannan aikin, shi ya sa ka fito kana tambaya. Ƙarfen da ya riga ya lanƙwashe, aka gasa shi da wuta aka ja shi ya miƙe, ba lallai ya sake ɗaukar bugu irin na farko ba. Shasin da bai koma kan awonsa ba yana cin taya ta gefe ɗaya, yana jan mota gefe, abin da ya fi muni a lokacin da aka taka birki da ƙarfi. Jakar iska sau ɗaya take aiki, in ta fito sai an sa wata, kuma a motoci da yawa na'urar da ke ɗame bel ɗin kujera lokacin karo ita ma sau ɗaya take tashi. Akwai masu gyaran da suke rufe gurbin jakar babu komai a ciki, su kashe fitilar gargaɗin da ke gaban direba, mai mota ya tafi yana zaton a tsare yake.

Saboda haka idan masana suka tabbatar za a iya mayar da shasin kan awonsa, a canza abin da ya kamata a canza, a sa jakunkunan iska da bel masu aiki, gyara ya halatta. Idan suka ce ba za ta koma amintacciya ba, ko kuwa kuɗinka ba zai kai ga irin wannan gyaran ba sai dai na rufa-rufa, to bai halatta ka ɗora ta kan titi ba. Allah ya ce kada ku jefa kanku zuwa ga halaka, a Suratul Baƙara aya ta 195, kuma ƙa'idar "ba cuta, ba cutarwa" hadisi ce da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Mota ba kai kaɗai take ɗauka ba, akwai iyalinka a ciki, akwai mutanen da ke gefen hanya waɗanda ba a yi shawara da su ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin an sa su ne don tsare rayuka. Idan dokar inda kake ta ce sai an duba motar da ta yi irin wannan haɗari kafin ta koma titi, wannan dubawar ta hau kanka.

Wannan ɓangaren ba malami ke yanke shi ba, ni ban san awon shasi ba. Ka tambayi masu sana'ar, kuma ka tambayi biyu, ɗaya daga cikinsu ya zama wanda ba shi zai karɓi aikin ba kuma ba shi zai sayi motar ba. Ba zargi nake yi ba, amma wanda zai ci riba idan ka gyara da wanda zai ci riba idan ka yanka, kowannensu idonsa yana ganin abin da yake so. Bisa abin da ka siffanta, mota mai shekara 18, shasi ya karkace, jakunkuna biyu sun fito, gyara ya kusa cinye darajarta, ni na fi karkata ga ka rabu da ita.

Sai shawarar abokinka. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa bai halatta a ciniki a yi algus ko yaudara ko ɓoye aibi ba, kuma bai halatta mai kaya ya ɓoye wani abu game da hajarsa wanda in ya faɗe shi mai saye zai ƙi ta, ko faɗarsa zai rage mata kuɗi. Auna maganarka da wannan: da ka ce wa mai saye shasin ya karkace, zai biya kuɗin da kake so? Asalin hukuncin shi ne hadisin Muslim na tarin abincin da ruwan sama ya jiƙa, mai shi ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa, Annabi ya sa hannu ya ji danshi, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Akwai ma wanda ya fi kama da batunka, hanin a bar nono ya taru a hantsar raƙuma ko tunkiya don mai saye ya ɗauka mai yawan nono ce. Fentin da aka fesa don ya rufe walda irin wannan ne, ƙawata kaya da abin da ba ya cikinsa, sai dai shi wancan asarar nono yake jawowa, wannan kuwa yana iya cin rai.

Kada ka fake da irin maganar nan ta "ka gani ka saya", ko "ƙarfe na sayar maka, ba ruwana da abin da ya fito". Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta cewa mai sayarwa idan ya san aibi sai ya ambace shi da sunansa, ya siffanta shi ko ya nuna shi, dunƙulalliyar magana ba ta wanke shi. Cewa "ta ɗan taɓa buguwa" alhali ka san shasi ne, ɓoyewa ce da aka sa wa rigar gaskiya. Ba wa dillali ita don bakinka ya tsira shi ma bai fitar da kai ba, ka ƙara jawo wani ne cikin zunubin. Mai saye in ya gano yana da haƙƙin mayar maka da ita ya karɓi kuɗinsa. Ko da gyara na ƙwarai ka yi, ranar da za ka sayar sai ka faɗi tarihinta. Idan kuma an tabbatar maka ba ta da aminci, ga wanda ka san zai lallaɓa ta ya riƙa ɗaukar mutane a ciki, kada ka sayar masa ko da ka faɗa masa komai, ka kai ta inda za a yanka.

Game da wanda ya buge ka, tunda laifinsa ya tabbata, biya ya hau kansa, ganganci da kuskure ɗaya suke wajen ramuwar dukiya. Malikiyya sun raba ɓarna gida biyu. Idan ba ta kawar da abin da ake nufi da kayan ba, mai shi yana riƙe kayansa ya karɓi abin da ya ragu na darajarsa. Idan kuwa ta kawar da manufar, zaɓi yana hannun mai kaya: ko ya karɓi cikakkiyar ƙima ya bar wa mai ɓarnar kayan, ko ya riƙe kayansa ya karɓi ragin. Khalil a Mukhtasar ya ba da misali da yanke wutsiyar dabbar hawan mutum mai daraja. Dabbar tana tafiya, amma irinsa ba zai ƙara hawanta ba. Motarka ta fi kusa da wannan gida na biyu. Ƙimar da ake nufi ita ce ta motarka a ranar haɗarin, da tsufanta da duk abin da ke jikinta, ba kuɗin sabuwa ba, kuma masana ne suke ƙiyasta ta. Bai halatta ka haɗa biyu ba, ka karɓi cikakkiyar ƙima kuma ka riƙe gawar motar, sai idan an cire kuɗinta daga abin da aka ba ka, ko wanda ya biya ya bar maka ita da daɗin ransa.

Cewa inshorarsa ce za ta biya bai hana ka karɓa ba. Majalisar Fiƙihun da muka ambata ta haramta inshorar kasuwanci a zamanta na Jidda a 1985, ta halatta ta taimakon juna, wadda ake kira takaful. Amma wannan hukunci ne a kan wanda ya ƙulla yarjejeniyar. Kai ba ka cikinta, haƙƙinka yana wuyan wanda ya yi maka ɓarna, shi kuma ya tura ka ga wanda zai biya a madadinsa, kuma malamai da yawa na wannan zamani sun ba da fatawar halaccin karɓa a irin wannan hali. Ka tsaya a kan haƙƙinka kawai. Kada a ƙara kuɗi a takardar gyara, kada kuma a cusa tsohon lahanin da motar take da shi tun kafin haɗari a ce bugun ne ya jawo shi, domin kasancewar kamfani ne zai biya bai halatta ƙarya ba. Abin da ka karɓa ya zama dukiyarka, ko ka gyara da shi, ko ka cika ka sayi wata.

Wallahu a'alam.