Katanga ce kawai tsakaninmu da kwaleji: ta ina ƙungiyar unguwa za ta ɓullo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar mazauna unguwarmu, kuma katanga ce kawai ta raba mu da wata kwaleji. A 'yan shekarun nan ta ƙara ɗaukar ɗalibai sosai, amma ba ta ƙara ɗakin kwana ko ɗaya ba, sai ɗaliban suka malalo gidajen haya na cikin unguwa. Yanzu ga kiɗa da hayaniya har tsakar dare, ga motoci da babura suna toshe mana ƙofar gida, ga shara, kuɗin haya kuma ya tashi har wasu magidanta sun fara kwashe kayansu. Sau uku muna rubuta wa shugaban kwalejin wasiƙa, shiru kake ji. Matasanmu suna cewa a je a tare ƙofar makarantar, wasu dattawa kuma suna cewa kotu za a je. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam sakatare. Na ji ciwon abin da ka rubuta, musamman batun magidantan da suka fara tashi. Hayaniya ana iya kashe ta a dare ɗaya, amma iyalin da suka bar unguwa da wuya su dawo. Don haka ina roƙonka, ku sa wannan a gaban komai.

Game da tare ƙofa, ku dakata tukuna. Ranar da kuka hana ɗalibi shiga ɗakin jarrabawa, ranar za a manta da sharar da ke ƙofarku, a koma maganar abin da kuka yi. Rigimar gari da makaranta tsohuwa ce, kuma idan ta kai ga faɗa ba kasafai mutanen gari ke cin riba ba. A birnin Okisfod na Ingila, ranar 10 ga Fabrairu 1355, gardama ta ɓarke a wata mashaya tsakanin ɗalibai da mai wurin, ta rikiɗe ta zama faɗan kwanaki, aka kashe ɗalibai kimanin 63 da mutanen gari kimanin 30. Sarkin Ingila ya goyi bayan jami'ar birnin. Aka ɗora wa magajin gari da manyan gari zuwa coci kowace shekara a wannan rana, su kuma biya kobo ɗai-ɗai a kan kowane ɗalibin da ya mutu. Ba su rabu da wannan ƙasƙanci ba sai 1825, wato bayan shekara 470. Kotu kuwa haƙƙinku ce, ku riƙe ta a hannu, amma tana cin kuɗi da lokaci, kuma alƙali hujja zai tambaya. Ina jin har yanzu ba ku tara ta ba.

Ga inda nake ganin wasiƙunku suka maƙale. Kun tattara damuwa huɗu a takarda guda kun aika wa mutum guda, alhali kowace da mai ita. Wurin ajiye mota a bakin titi da kwashe shara, galibi aikin hukumar gari ne. Cusa mutum takwas a gidan da aka gina don iyali guda, wannan aikin mai gida ne, kuma sau da yawa mai gidan ba ya ma zaune a unguwar, ko kuwa ɗan ƙungiyarku ne yana zaune a taro yana gyaɗa kai. Abin da ke wuyan kwaleji kai tsaye abu biyu ne: ladabtar da ɗalibanta, da kuma lissafin mutum nawa take ɗauka da gado nawa take da shi. Idan wasiƙa ta zo a cakuɗe, abu mafi sauƙi ga ma'aikacin ofis shi ne ya ce wannan ba huruminmu ba ne, ya tura ta ƙarƙashin fayil.

Saboda haka ku fara da littafi. Ku samu mutum biyu ko uku a kowane layi su riƙa rubutawa har tsawon zango guda na karatu: rana, lokaci, lambar gida, abin da ya faru, wanda aka kira, da abin da ya biyo baya. Misali: Asabar, ƙarfe 1:40 na dare, gida na huɗu a layin baya, kiɗa, an ƙwanƙwasa an rage, bayan minti ashirin an sake ƙurewa. Na taɓa zama a wani taro tsakanin wata ƙungiyar unguwa da jami'an wata kwaleji. An shafe kusan awa guda ana ta "ɗalibanku sun dame mu", jami'in yana ta ba da haƙuri da baki yana duba agogo. Sai wata dattijuwa ta zaro ƙaramin littafi daga jaka, bangonsa har ya yi laushi, ta fara karanto kwanan wata da lambar gida ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta kai shafi na uku ya ɗauko biro ya fara rubutu. Da aka duba, kusan duk ƙorafin daga gidaje ƙalilan yake fitowa, kuma mafi yawansu na mutum ɗaya ne. Nan take maganar ta tashi daga kan "ɗalibai" gaba ɗaya ta koma kan abin da za a iya kamawa da hannu.

Sai kuma ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Shugaban kwaleji ba shi ke buɗe wasiƙunsa ba. Ku nemi ofishin kula da harkokin ɗalibai, da shugaban tsaro, da mai kula da gine-gine, da jami'in hulɗa da jama'a idan akwai. Ku je da ƙafarku, mutum uku ko huɗu masu sanyin baki, kada ku ɗebi gayya. Kuma abin da za ku nema a zaman farko kada ya zama a hukunta wane. Ku nemi kwamiti na dindindin mai zama a kan kari, ko da sau ɗaya ne a wata biyu, da mutum guda mai suna da lambar waya wanda za a iya samu da dare, da rubutaccen bayanin kowane zama mai nuna wa ya ɗauki alkawarin me, zuwa yaushe. Jami'ai suna sauyawa, shugabannin ƙungiya ma haka, takardar ce ke zama.

Wannan hanya an gwada ta. A birnin Washinton na Amurka, doka ta wajabta wa jami'o'in da ke cikin unguwannin zama su gabatar da tsarin faɗaɗarsu ga hukumar tsara gari. Da Jami'ar Georgetown ta kawo nata na 2010, ƙungiyoyin maƙwabta suka tashi tsaye a kan yawan ɗaliban da ke haya a cikinsu, aka yi ta ja-in-ja har 2012. A ƙarshe jami'ar ta amince ta ƙara wa ɗalibai wurin kwana a cikin harabarta, aka kuma kafa zauren haɗin gwiwa na dindindin wanda jami'a da maƙwabta da ɗalibai ke zama a cikinsa. Tsarin da ya biyo baya, na shekara 20 daga 2017, tare aka tsara shi, ya kuma wuce ba tare da irin waccan rigima ba. Ka lura da lokacin da maƙwabtan suka samu bakin magana: lokacin da jami'a ke neman izini. Ku ma ku bincika a ofishin tsara gari ko kwalejinku tana da wani gini ko faɗaɗawa da ke jiran amincewa, da ranar da ake sauraron ra'ayin jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuka bari sai an kafa harsashi, kuka kawai ya rage.

Batun haya shi ne mai wuya, kuma ba zan ɓoye maka ba, kwamiti kaɗai ba zai warware shi ba. Mai gida yana samun fiye da abin da iyali za su iya biya idan ya raba gidan ɗaki-ɗaki, don haka duk gidan da ya faɗi kasuwa can yake tafiya. Masana tsara birane sun bi diddigin wannan a unguwar Headingley ta birnin Lids a Ingila, inda layuka sukutum suka koma na ɗalibai, su cika maƙil lokacin karatu, su zama kufai lokacin hutu. Daga 2010 dokar Ingila ta ware gidan da mutum uku zuwa shida marasa dangantaka ke zaune tare a matsayin rukuni na daban, ta kuma ba hukumomin gari damar cewa sai da izini za a mayar da gidan iyali irin wannan. Lids da Mancesta da Notingham suna cikin waɗanda suka yi amfani da damar. Dokoki sun bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka ku sa wani lauya ko ma'aikacin tsara gari ya duba muku abin da taku ta ce game da yawan mutane a gida da rajistar masu ba da haya. Ita kuma kwaleji, tambaya ɗaya za ku riƙa maimaita mata a kowane zama: ɗalibai nawa za ku ƙara baɗi, gado nawa za ku ƙara? Kuna iya neman ta fitar da jerin gidajen da ta amince da su, ta cire duk mai gidan da ya ƙi bin ƙa'ida. Wannan yana taɓa aljihun mai gida, kuma a nan yake ji.

Akwai abin da nake so ka faɗa wa matasanku da bakina. Ɗalibin nan da ke haya a layinku maƙwabci ne, yana da haƙƙin maƙwabtaka, kuma sau da yawa shi ma cutarsa ake yi: kuɗi mai yawa, ɗaki a matse, famfo a lalace, ga ɓarayi sun san lokacin da yake tafiya hutu. Mafi yawansu karatu ya kawo su, kuma kiɗan da ya hana ka barci ya hana su. Ku ba ƙungiyar ɗalibai kujera a taronku, kujera ta gaske mai ƙuri'a. A makon farko na sabuwar shekarar karatu, ku zaga gidajen hayar ku gaisa, ku miƙa 'yar takarda mai ɗauke da ranar kwashe shara, da lokacin da ake rage sauti, da lambar da za su kira idan su ne aka dama. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, amma yaron da ya san sunan tsohon da ke bayan katangarsa, da wuya ya ƙure masa sauti ƙarfe biyu na dare. Sai dai ku sani ɗalibai duk shekara sabbi ne, don haka zagayen nan ma duk shekara ne.

Idan kuka yi duk wannan, zango ya ƙare kwaleji ba ta ko ba ku ranar zama ba, to ku ɗauki littafinku da kwafin wasiƙunku uku ku kai wa kansilanku da hukumar gudanarwar kwalejin, wadda ke sama da shugaban, da kuma hukumar da ke sa ido a kanta. Daga nan 'yan jarida, daga nan lauya. Wasiƙa ta huɗu kuwa ku rubuta ta a wannan makon, shafi guda, buƙata guda: a sa ranar zama cikin kwana 30. Ku kai da hannu, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku.