Filin Tambayoyinku: Daga Jinin Sikila zuwa Tukunyar Awara

Tambaya: Ni da maigidana AS ne, ɗanmu na biyu kuma SS. A asibiti an ce furotin ɗin jininsa ne ya bambanta. Ina ba shi ƙwai da kifi da madara, to wane furotin ne kuma ya rasa? Me ya sa ciwon ya fi tashi da hunturu? (Wata uwa, Unguwar Rogo, Jos)

Amsa: Allah ya ba yaro lafiya, 'yar'uwa. Kada ki ɗora wa kanki laifi, wannan ba daga abinci yake ba.

Ki ɗauki furotin kamar carbi, sai dai ƙwayoyinsa iri 20 ne, su ake kira amino asid. Kowace ƙwaya tana da kabon guda a tsakiya wanda ya riƙe abubuwa huɗu: ɓangaren amino mai naitirojin, ɓangaren asid, haidirojin ɗaya, da wani reshe. Ukun farko iri ɗaya ne a duka, da amino da asid ɗin ake ƙulla wannan ƙwaya da waccan, kowane ƙulli yana fitar da ƙwayar ruwa guda. Reshen ne ke raba su. Wani yana son ruwa, wani yana gudunsa kamar man gyaɗa. Shi ya sa carbin ba ya zama a miƙe. Naɗewa yake yi, masu gudun ruwa su ɓuya a ciki, masu son ruwa su tsaya a waje, kuma da wannan siffar furotin ke aiki.

Himoglobin, furotin mai ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, carbi huɗu ne a dunƙule: biyu na alfa masu ƙwaya 141, biyu na beta masu 146. A jinin ɗanki, ƙwaya ta 6 a carbin beta ce ta canza. Inda ya kamata gulutamik asid ya zauna, mai son ruwa, sai balin ya zauna, mai gudun ruwa, ga shi kuma a waje yake. Masanin kimiyya Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa himoglobin ɗin masu sikila daban yake, Vernon Ingram kuma ya gano a 1956 zuwa 1957 cewa ƙwaya ɗaya tak ce ta kawo bambancin.

Da zarar himoglobin ya sauke oksijin, balin ɗin nan sai ya cusa kansa cikin wani ɗan gurbi a jikin maƙwabcinsa. Wannan ya kama wancan, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashin da yake kuka da shi ke nan. Lafiyayyar ƙwayar jini tana kwana 120, tasa kuwa 10 zuwa 20 take yi, shi ya sa jininsa ke yawan ƙasa.

Sanyi yana tsuke jijiyoyi, jini ya rage gudu, ƙwayar ta daɗe ba oksijin. Ƙishirwa kuma tana sa himoglobin ya cunkushe. Hunturun Jos ya haɗa biyun, ga garin a kan tudu, wajen mita 1,200. Ki dage da ba shi ruwa ko bai nema ba, rigar sanyi da safa tun asuba, wanka da ruwan ɗumi, kwana cikin gidan sauro. In zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti kai tsaye, kada a jira gari ya waye. Ki kuma tambayi likitansa game da maganin haidiroksiyuriya. Yana ƙara irin himoglobin ɗin jarirai, wanda ba shi da carbin beta, amma sai da gwajin jini ake shansa.

Tambaya: Ina sana'ar awara. Wani lokaci ta haɗu da kyau, wani lokaci ta dagargaje ta yi tsami. Ina matsalar? (Mai awara, Farin Gada)

Amsa: Malama, abu biyu ke haɗa awara, wuta da tsami, kowanne da aikinsa. Wuta tana warware naɗin furotin ɗin waken suya, masu gudun ruwa su fito fili. Don haka ki bar madarar ta tafasa kamar minti 10. In ba ta tafasa sosai ba, komai ruwan tsamin da kika zuba ba za ta kama yadda kike so ba.

Ko bayan tafasar, furotin ɗin suna ɗauke da caji iri ɗaya, suna ture juna. Tsami ne ke kashe cajin su rungumi juna. Ki sauke wutar, ki bar ta ta ɗan huce minti biyu ko uku, sannan ki riƙa zuba ruwan tsami ludayi ɗaya ɗaya kina juyawa a hankali. Ki dubi ruwan da ke gefe. In fari ne kamar madara, da sauran furotin a ciki, ki ƙara kaɗan. Da ya washe ya koma ruwan ɗorawa garau, ki tsaya. Abin da kika ƙara bayan nan shi ke kawo tsami da dagargajewa. Ki rufe minti 10 kafin ki juye a ƙyalle ki danne.

Tambaya: Gaskiya ne furotin ɗin hatsi bai cika ba? (Ɗalibi, Jami'ar Jos)

Amsa: Cikin amino asid 20 ɗin, 9 jiki ba ya iya ƙera su, dole daga abinci. Laisin da metayonin suna cikin 9 ɗin. Masara da dawa da gero suna da ƙarancin laisin, wake kuwa yana da shi sosai amma metayonin ɗinsa kaɗan ne. Acca da ake nomawa nan Filato ta fi yawancin hatsi metayonin, don haka faten acca da wake ya dace ƙwarai. Ba lallai a kwano ɗaya ba, a ci su cikin yini guda ya wadatar.