A Sa Hoton Jariri A Ledar Garin Kunu?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina haɗa garin kunun yara na gero da waken soya da gyaɗa, ina sayarwa a gida, ranar Lahadi kuma ƙanena yana kai mini kasuwar Gujungu. Ina so in buga sitika da fosta masu ban sha'awa. Yaron da zai tsara mini a kwamfuta ya nuna mini hoton wani jaririn Turawa ɓulɓul, riƙe da fida, ya ce shi ne ke jan ciniki. In yarda? Daga wata mai sana'a, Taura.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Kada ki yarda.

Hoton jariri da fida cewa yake yi da uwa: wannan garin zai iya maye gurbin nono. Ba haka ba ne kuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, sannan a fara ƙarin abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2, wa'adin da muka sani tun a Suratul Baƙara. Tun 1981 aka yi ƙa'idar duniya kan tallan abin da ke maye gurbin nono, a 2016 kuma aka ƙara jan kunne cewa tallan abincin yara kada ya nuna fida ko wani abin da zai sa a zaci na 'yan ƙasa da wata 6 ne. A nan gida NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ce ke kula da wannan. Ki kai musu zanen su gani kafin ki biya kuɗin bugu, kuma kada wani ya manna miki lambar rajistar da ba taki ba don leda ta yi kyau.

Wasan da kike so, ki yi shi da kayan haɗinki. A zana zangarniyar gero tana dariya, kwanson gyaɗa da hula zanna, waken soya yana rawa a bakin ƙoƙo. Yaro zai nuna da yatsa, uwa kuma ta san abin da ke ciki ba tare da ta karanta ba. Wannan na biyun ya fi muhimmanci, domin sau da yawa kaka ce ko yayar yaro ke dama kunun, kuma ba kowacce ke karatun boko ba. Saboda haka bayan ledar ya zama hotuna: hannu ana wankewa da sabulu, cokalin gari, tukunya a wuta, sai cokali a karkace kunu ya maƙale bai zuba ba. Kaurin nan shi ne abincin. Tsararon kunu cika cikin yaro kawai yake yi da ruwa. In da wuri, a ƙara layi ɗaya da ajami.

Rubutu kuwa ba wasa: "Daga wata 6, tare da nonon uwa" da manyan baƙaƙe, kayan haɗi duka (akwai yaran da gyaɗa ba ta karɓe su ba), ranar da aka yi da ranar da zai lalace. Banda "yana sa ƙiba" da "maganin tamowa". Kala biyu ko uku sun isa. Ki sa a buga guda ɗaya tukuna, ki manna a rumfa ya sha rana ki ga ko zai koɗe.

Tambaya: Anti, in na raba ɗan ƙullin garin kunu kyauta a asibiti ranar rigakafi fa? Daga wani ɗan kasuwa, Wudil.

Amsa: A'a, Malam. Matan da ke layin nan da yawa goyonsu bai kai wata 4 ba, kuma duk abin da aka miƙa a asibiti, uwa ɗauka take yi likita ne ya ba da. Ka bar tallan a rumfarka ranar Juma'a, inda za ka iya tambayar mai saye watan yaron nawa kafin ka ƙulla mata.